Motar da Auta Ya Sayo wa Umma

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na rubuto ne don in na kira ka a waya zan faɗi abin da zan yi nadama.

Ranar da muka sayar da shagon marigayi Baba, magana ɗaya muka yi: ka sayo motar da za a riƙa kai Umma asibiti duk Litinin da Alhamis. Jiya sai ga hoto ka turo mini. Ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta na neman shafar ƙasa. Motar tsere, Auta! Tsohuwar da gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa, da wa za ta yi tseren? Raina ya ɓaci matuƙa, kuma ina jiran bayani.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ki gaida yara.

Kin yanke mini hukunci a kan hoto. Wata uku na yi ina bincike. A cikin irinta ita ce ƙarama kuma mafi sauƙin kuɗi. Makaniki ya duba inji, ya shiga ƙarƙashi, ya ce ba ta da ciwo. Dillali ya ce irinta ba ta faɗuwa a kasuwa, alhali manyan da kike so, shekara biyu sun zama gwangwani. Dukiyar Baba na adana mana.

Kuma ba zan ɓoye ba, ina son ta. Shekara tara ina zuwa aiki a kan babur, ruwa na dukana. Amma ke har gobe kallon yaro kike mini.

Ƙaninki.

Auta,

Na amsa gaisuwa.

Ka adana dukiya, madalla. Ran Litinin tasi na sake tarewa. Direba biyu suka ga keken guragun Umma suka ƙara gaba, na ukun ya ɗauke mu yana tsaki har ƙofar asibiti. A layin ganin likita Umma ta tambaye ni ko motar Auta ta iso. Na ce mata ana gyaran takardu. Ka sa na yi wa uwata ƙarya da furfurata.

Ka tambayi makaniki, ka tambayi dillali, wadda za a ɗauka a ciki ce kawai ba ka tuna da ita ba. Ba son motar na hana ka ba, ka so ta da albashinka. Ran Alhamis ba zan zo ba. Ka ɗauki Umma da kanka, a cikin abin da ba ya faɗuwa a kasuwa.

Ka huta lafiya.

Yaya,

Ina gaisuwa.

Na je. Keken ya ƙi shiga but ɗin bayan motar ko da na naɗe shi, dole muka bar shi a gida. Umma ta ce kada in damu, ta dafa kafaɗata ta sauka cikin kujerar a hankali, tana cije leɓe. A asibiti sai da ma'aikata biyu suka taya ni fito da ita. Hawaye na zubo mata, ta shafa jikin motar ta ce, “Ta yi kyau, Auta. Allah ya sa alheri.”

Da ma zagina ta yi.

Gobe zan mayar wa dillali da motar. Don Allah ki auno mini faɗin keken da tsawonsa.

Ƙaninki.