Wankan Tarakta

Litinin, 24 ga Mayu, 1976
Yau ma ta ƙi tashi. Maigida ya yi ta juya hannun ƙarfen nan na tayar da inji har tafinsa ya yi bororo, ta yi tari biyu ta yi shiru. Tun da ya ajiye tuƙin motar wani babban ma'aikaci a GRA ya sayo tsohuwar taraktar nan mai shan fetur, ba mu huta ba. Wansa, Yaya Rabe, ya samo masa tuƙin tanka a Fatakwal. Ya ce in Juma'ar sama ta zo ba a huɗe gonar da ya karɓi aikinta a Kwadon ba, ya tattara su tafi tare. Ni a bar ni da Inno, surukata.

A littattafan da nake aro wajen Asta maƙwabciyarmu, in miji ya yi tafiya matar takan zauna bakin taga tana ramewa, kyanta na ƙaruwa. Ɗakina ba taga mai kallon hanya. Kuma ba na son ramewa.

Laraba, 26 ga Mayu
Titus makanike ya zo. Ya canza fulogi, ya hure bututun mai da bakinsa. Ina jinsu ta bayan zana. Titus na ce wa maigida, "Oga Sallau, wannan tsohuwa ta girmi Najeriya, sai da lallashi." Bayan azahar ta tashi, amma tana ɗingishi, tana harbi kamar bindigar maharba. Ko bakin titi ba ta kai ba.

Inno ta ce da shanu biyu ya saya da yanzu an gama, sa ba ya neman fulogi.

Alhamis, 27 ga Mayu
Ko tari ba ta yi ba. Bai ci tuwo ba.

Asabar, 29 ga Mayu
Abin mamaki. Famfon unguwa ya ɗauke, mai ruwa bai zo ba. Maigida ya fita yana mita wai yau ba wanka, ya juya ƙarfen sau ɗaya, ta kama. Lafiya lau, ba tari ba harbi. Sai ga shi ba fetur isasshe, ya tafi layi, ya dawo da magariba.

Na zauna ina tunani kamar ɗan sandan cikin nan na labarin da na karanta bara. Me ya bambanta yau da jiya?

Lahadi, 30 ga Mayu
Ruwa ya dawo, ta koma gidan jiya.

Na tsaya na kalle shi da kyau. Kullum bayan asuba yakan wanke ta da bokiti uku da sabulu, har cikin inji, yadda ya saba wanke motar ogansa. Yana goge ta yana 'yar waƙa. Ita kuwa motar can murfi gare ta a rufe, wannan hanjinta a waje yake.

Yaya zan gaya masa? Abin da ya fi alfahari da shi ke nan, cewa ba a taɓa ganin ƙura a motarsa ba.

Litinin, 31 ga Mayu
Da ya tafi neman Titus na fita da mayafina. Akwai wata baƙar hula da wayoyin fulogi ke fitowa daga kanta. Na ga yadda Titus ke ɓalle ta, na ɓalle. Cikinta raɓa ce jingim, ga wata siririyar tsaga a gefe. Na goge da ɗankwali, na bar ta a buɗe rana ta buge ta, na mayar.

Inno ta gan ni. Ta ce, "Kande, wannan ma a littafin kika karanto?" Na ce a'a Inno. Ta ce to saura kuma in fara sa wando.

Talata, 1 ga Yuni
Na ɓoye bokitin a rumbu. Ya nema, ya yi faɗa. Sai kawai na faɗa masa, kaina a ƙasa, duka har da hular. Ya ce shi da ya shekara tara yana tuƙi. Na ce gwadawa kawai, yau ɗaya, in ta ƙi ni da kaina zan ɗebo masa ruwan.

Juyi ɗaya.

Ya hau ya tafi. Na ji ƙararta har ta sha kwanar masallaci.

Juma'a, 4 ga Yuni
Yaya Rabe ya tafi shi kaɗai. An huɗe fiye da rabi.

Maigida ya dawo jiya da ita ta yi dumu-dumu da laka. Ya tsaya a gabanta da tsumma a hannu kamar wanda aka hana shi gaida baƙo. Ya goge fitilun kawai. Na ɗinka wa hular riga da guntun tsohuwar tayar keke saboda ruwan sama, ya karɓa ya sa, har yanzu bai ce na yi daidai ba.

Da zai shiga wanka ya ce, ba tare da ya juyo ba, wai ko na ji wani ɗan ƙaras-ƙaras da take yi in ta yi zafi.

Na ce ban lura ba. Na ji tun shekaranjiya. Belin robar nan mai juya fankar injin nake zargi, gobe zan duba kafin ya fito.