Fitilar Rijiya a Ramin Kwal

Madachi, Rano.

Zuwa ga Kawu Muntari,

Assalamu alaikum. Kawu, wa ya ce muku ramin kwal da rijiya ɗaya ne? Ka yi haƙuri da na sa tambaya gaban gaisuwa, ita ce ta hana ni sukuni. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kai da yaran da ka ɗiba aiki kuna lafiya, Allah ya tsare ku. Mu nan alhamdulillahi, an shigar da dawa, Inna na fama da ƙafa amma da sauƙi.

Ramalan ɗan Malam Sagiru ya iso gida. Babu gira, babu gashin kai, hannuwa a naɗe, matarsa Suwaiba ke ba shi abinci a baki. Ka aiko cewa tsautsayi ne. Shi kuwa ya gaya mini kullum kafin a shiga ramin sai an kunna aci-balbal an zura ta da igiya, yadda Kaka ya koya muku a haƙar rijiya: in ba ta mutu ba, iska lafiya lau. Ranar yana leƙen fitilar, sai wuta ta yi tsalle ta same shi.

Na san za ka ce wai yaron da bai gama sakandare ba ne zai koya maka rami. To ka faɗa. Na zauna da waya da ƙamus na bi maganar har na gane. Kwal ba dunƙulallen dutse ba ne, cike yake da ƙofofi kamar soso, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Akwai wata iska mai kama da wuta da ke manne a jikin ƙofofin nan, nauyin ƙasar da ke sama ne ya danne ta a ciki. Yawan zurfi, yawan dannewa, yawan abin da kwal ya riƙe. Da kun sa diga kun sauke masa nauyin, sai ya fara sakinta, zafi kuma yana ƙara kwance ta. Ba ta wari, ba a ganinta. Mugunyar iskar rijiya kashe fitila take yi. Ita kuwa ta kwal, fitilar take jira. Wato abin da kuke kira gwaji, shi ne ƙyasta ashana.

Ƙanena Ubaidullahi ya kira ni. Ya ce ramin ya ƙara zurfi, zafi har tuɓe riga suke yi, kuma tun da Ramalan ya tafi shi ka damƙa wa igiyar. Da dariya ma ya faɗa, wai an ƙara masa girma. Ɗan ƙanwarka ne, Kawu. Inna da hannunta ta ba ka shi. Ka karɓe igiyar nan, ka kashe fitilar, ka sa shi a mota.

Ka gaida Anti Fanta da Lukman da Bushra. Inna tana gaishe ka, ban gaya mata ba tukuna.

Amma kada ka ba ni amsa a waya, don a waya kowa gwani ne. Iyayen yaran da ka ɗiba daga Madachi da Zinyau za su zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar Juma'a mai zuwa, ni na kira su. Ka zo ka tsaya gaban Malam Sagiru ka faɗa da bakinka: bayan ɗansa ya ƙone, wa ya ce a sake kunna fitilar?

Ɗanka,
Khalid.