Ɗakin Mai Gadi a Tsohon Siton Gyaɗa

Zuwa ga Alhajin da ya sayi tsohon siton gyaɗa na garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Sa'adatu, 'yar Malam Garba mai gadin siton. Sau uku na zo ƙofar gidanka ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, Alhaji, wurin nan ba kango ba ne kawai. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ƙasar Gwarzo ba, wannan siton shi ne tasharmu. Daga Getso da Kutama ake kawo gyaɗa a kan jakuna, a auna, a ɗinke buhu, manyan motoci su kai Kano a loda wa jirgi. Babanmu yana saurayi ya fara dako a nan. Da ciniki ya mutu kowa ya watse, shi ya zauna yana gadi. A ɗakin bakin ƙofa aka haife mu.

Na biyu, ranar wata Laraba tsakiyar damina, ina Kabo gidan mijina, ma'aikatanka suka yaye kwanon ɗakin ba tare da ko sallama ba. Babanmu yana ciki, tsoho ne, idonsa ya tafi. Maƙwabta suka same shi zaune cikin ruwan sama, ya rungume buzun sallarsa. Na ɗauko shi zuwa gidana, tari ya kama shi. Kwanansa goma sha ɗaya Allah Ya karɓi abinsa. Kafin ya cika, kullum sai ya tambaye ni wa aka bari a ƙofar sito.

Ban ce kai ka kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ya sha ba mu labarin yadda mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, yake kwana a wannan ɗakin idan ya kawo gyaɗa layi bai zo kansa ba.

Roƙona biyu ne. Ka bar rijiyar da 'yan dako suka haƙa a harabar siton, kada a cike ta, unguwa duka daga ita take sha. Sannan ka sa a buɗe mini in kwashe kayansa. Tabarma ce da buta da ƙugiyar ɗaukar buhu.

Allah Ya sa albarka a abin da za ka gina, Ya ba ka masu kula da kai ranar da ƙarfinka ya ƙare.

Wassalam.
Sa'adatu Garba