Ɗakunan Bayan Bariki

Litinin, 3 ga Maris

Famfon tsakar gida ya sake lalacewa. Na kira mai gyara, ya ce gobe. Na san goben tasa.

Tun da maigidana Sajan ya rasu makullan gidan nan suka dawo hannuna. Na ɗaure su a bakin zani, ina tafe suna ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Ɗaki shida na haya, sai ɓangarena. Da kuɗin sallamarsa ya gina, dab da ƙofar bayan bariki, wai soja ba ya gudu da haya, in ma ya gudu ka san ofishin da za ka same shi. Ya gina, ya ɗan zauna ciki, ya tafi ya bar ni da famfo.

Mutane suna ta cewa ina da dauriya. Ba dauriya ba ce. Ban ji komai ba ne kawai. Na jira kukan ya zo, har aka watse daga zaman makoki bai zo ba.

Alhamis, 6 ga Maris

An yi wa na ɗaki na biyu canjin wurin aiki. Motar sojoji ta zo da safe, kafin in gama shara sun kwashe. Matar ta rungume ni tana hawaye, wai Mama ki yafe mana. Na ce babu komai.

Na leƙa ɗakin. Ramukan ƙusa, zanen yara a bango, har ƙwan fitila sun cire. Haka suke. Su zo, ka saba da tarin yaransu, wata rana a ce su tafi.

Asabar, 8 ga Maris

Mai famfo bai zo ba.

Talata, 11 ga Maris

Babban ɗana ya kira. "Mama, wahalar nan ta isa haka. Na samo dillali, yana da mai saye. Rushewa zai yi ya tada bene na hafsoshi. Ki dawo wurinmu ki huta, ga jikokinki."

Na ce to. Ya ce to me? Na ce to, na ji.

Gaskiyarsa ne, ina jin. Ban ga abin da ya riƙe ni a nan ba. Can ɗin ma ban ga abin da yake kirana ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Mai Ɗinki, ta ɗakin ƙurya, ta same ni ina shanya. Mijinta kofur ne, Dogo ake ce masa, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Tun bara aka tura su bakin daga. Ta ce an dawo da shi, yana asibitin bariki. Motarsu ta taka wani abu a hanya. An yanke ƙafar hagu daga gwiwa.

Tana faɗa tana murɗa gefen mayafinta. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Sai na ji bakina yana tambayarta ko ita ce ta bar bokiti a hanya jiya. Ta dube ni. Ta ce ita ce, ta je ta ɗauke.

Me ya same ni ne?

Laraba, 26 ga Maris

An kawo Dogo. Sajan ya ɗaga ginin ɗakunan haya sosai saboda ruwan da yake kwanciya a unguwar nan, sai an hau matakala mai tsayi. Abokan aikinsa biyu suka ɗauke shi cak kamar buhu. Ya rufe ido tun daga bakin mota har cikin ɗaki. Matan gida sun fito yi masa sannu, suka tsaya cirko-cirko, kowa da hannu a ƙirji.

Ni na riƙe musu labule.

Lahadi, 30 ga Maris

Bai fito ba. Ita take shiga da fo tana fitowa da shi, a rufe da tsumma, kanta a ƙasa. Keken ɗinkin ya yi shiru.

Laraba, 2 ga Afrilu

Da la'asar aka ji ƙarar kwano a bango, sai muryarsa, sai shiru. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu, ta zo har ɗakina, wai yaranta sun tsorata, in yi magana, ai ni ce mai gida. Na ce zan yi. Ban yi ba.

Sabon ɗan haya ya shiga ɗaki na biyu. Direban wani kanar ne, ba aure. Ya tambaya ko ana samun ruwa. Na nuna masa famfon.

Asabar, 5 ga Afrilu

Dillali ya zo. Mutum mai turare da yawa, ya tafi ma zauren na ta ƙamshinsa. Ya zagaya yana buga bango da makullin motarsa. Ya ce mai saye gida yake so babu kowa ciki, in fara ba su notis tun yanzu.

Da muka zo saitin ɗakin ƙurya ya rage murya. "Mama, wannan ki fara da shi. Sallamarsa za a yi. Da zarar ya tuɓe kaki ba ki da wanda za ki kai wa ƙara. Irinsu in suka zauna, sai kotu."

Na ce to. Kwanan nan ba ni da wata kalma sai ita.

Talata, 8 ga Afrilu

Yau na yi niyyar gaya musu. Na jira azahar, gida ya yi tsit, yara suna makaranta, mata sun tafi kasuwar bariki. Na tsara maganar a raina tun daga ɗaki: ba korarku nake ba, gidan ne za a sayar.

Na fito na sami Dogo a ƙasan matakala. A kwance, rabin jikinsa cikin ruwan wankin da ya gangaro, sanda ɗaya can, ɗaya can. Banɗaki ya so zuwa da kansa. Ban san tun yaushe yake nan ba, bai kira kowa ba.

Na sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa. Nauyi kamar me. Muka yi ta fama, ni ina ja yana tura ƙasa da hannu, har ya zauna a matakalar ƙasa. Dukanmu muna haki. Wandonsa ya jiƙe, ba ruwan wanki kaɗai ba. Na kawar da kai, na kwance mayafina na yafa masa a cinya.

Ya ce, "Mama, don Allah kada ki gaya mata."

Na ce ban ga komai ba.

Ya daɗe yana kallon ƙofar banɗakin, ga ta nan, taku kaɗan. Ya ce a da shi yake ɗaukar babbar bindiga a kafaɗa, a yi ta tafiya tun safe, ko ruwa ba ya nema. Ya ce, "Yanzu tsakar gidanki ta gagare ni."

Sai ya tambaye ni ko wurinsu na zo. Na ce a'a, wucewa nake.

Laraba, 9 ga Afrilu

Bayana yana ciwo.

Ɗaki ɗaya ne a gidan nan da ba shi da matakala. Na Sajan, na bakin zaure, inda yake zama da rediyonsa da kayan gyaransa. Akwai ɗan banɗaki a jikinsa. Tun ranar da ya rasu ban buɗe ba.

Ba wai ina tunanin wani abu ba ne. Na dai lura.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na buɗe. Ƙura, gizo-gizo, kofin shayinsa a kan taga da baƙin zobe a ciki. Tabaransa a kan jarida, a buɗe, kamar ya tashi amsa sallama. Na tsaya ina jira ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Atishawa kawai na yi.

Na kwashe abin da zan iya. Ƙusoshi a gwangwani-gwangwani, kowane girma da nasa. Mutumin nan bai taɓa yar da komai ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na gaya wa Mai Ɗinki su dawo ɗakin zaure. Ta fara zancen ƙarin haya, na ce wa ya yi miki maganar haya? Ta durƙusa. Na ce ta tashi, ba na son haka.

Babban ɗana ya ji, ban san a bakin wa ba. "Mama, ɗakin Baba? Ana maganar fitar da mutane ke kina gyara musu zama?" Na ce na ɗan lokaci ne. Ya ce ke dai. Ya kashe.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sun koma. Birkila ya kafa ƙarfen dafawa a banɗakin. Direban kanar ne ya taya ɗaukar gado.

Yanzu Dogo yana zama a bakin ƙofa da safe, yana kallon masu shiga bariki. Wasu su tsaya su gaisa, wasu su yi kamar wayarsu ta yi ƙara. In an busa bigila sai ya gyara zama, bai ma san yana yi ba. Keken ɗinki ya dawo aiki, tana ɗinka wa sojoji tambarin kafaɗa.

Talata, 29 ga Afrilu

Dillali ya kawo mai sayen, da wasu masu awo. Suka ja igiyar awonsu ta tsakiyar shanyar mutane, ta kan tabarmar 'yan biyu, har ta gaban ƙafar Dogo. Ɗaya ya ce masa, malam ɗan matsa. Ya fara laluben sandunansa.

Na ce su naɗe igiyarsu. Dillali ya ce Mama yanzu za a gama. Na ce su naɗe, kaina yana ciwo, su dawo wani lokaci. Da ƙarfi na faɗa ashe. Maman 'Yan Biyu har ta leƙo.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ina share ƙarƙashin gadona na ci karo da takalman Sajan na fareti. Har yanzu da sauran sheƙi. Babbar ƙafa gare shi, babu wanda za su yi wa cikin 'ya'yansa. Ban yi wani tunani ba, na ɗauka na kai wa Dogo.

Sai da na miƙa na gane abin da na yi. Mai Ɗinki ta tsayar da keke.

Ya karɓa, ya juya su, ya sa na dama. Ya yi masa daidai kamar an gwada. Ya ɗaure igiya tsaf. Sannan ya miƙo mini na hagun da hannu biyu, fuskarsa ba wasa, ya ce, "Mama, ga canjinki."

Ban san daga ina dariyar ta fito ba. Na yi ta yi har na dafa bango, shi ma ya kama, matarsa ta toshe baki da yadin mutane. Daga nan kuma ban san inda ta juye ba. Na dai ga kaina a zaune a ƙasan zaure, takalmi ɗaya a ƙirjina, ina wani irin sauti kamar ba nawa ba. Babu wanda ya ce in yi haƙuri. Na gode musu da wannan. Mai Ɗinki ta zauna kusa da ni kawai, har ya wuce.

Litinin, 5 ga Mayu

Idona ya kumbura. Na ce wa Maman 'Yan Biyu mura ce.

Dillali ya kira, na ce masa bana dai a bar maganar. Ya ce baɗi fa? Na ce in ta zo ma gani. Saura ɗana. Zan kira shi da kaina, kada ya ji a bakin wani.

Takalmin yana kan kujera, ban san inda zan kai shi ba. Ya zauna nan tukuna.

Yunwa na tashi da ita yau, tun da sassafe. Na ci na ƙara. Wataƙila sanyin safiya ne.