Ƙunshin da Ke Ɗakin Ajiya

Makka, unguwar Misfala
Muharram 1384 (1964)

Zuwa ga yayata Baraka, a Mai Wurno ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki da yara da jikoki. Yaya ƙafar taki? Alhaji Mahmudu da ya zo hajjin bana ya ce mini har yanzu da sanda kike zuwa bakin kogi. Shi zai kawo miki takardar nan, da ɗan dabino da zamzam a gwangwani. Ni lafiya lau nake. Ina ci, ina barci, ina kiran salla.

Labarin da ke nan shi ne za a rushe zawiyarmu. Kin san ta ko da ba ki taɓa ganinta ba, tunda shekara ashirin da uku kina aiko mini saƙo da sunanta: Zawiyar Malam Hashimu, masaukin mutanenmu masu zuwa da ƙafa. Wakafi ce, ba a sayarwa, ba a gado. Amma bango ya tsage, ruwan bara ya tafi da rabin rufin ɗakin salla, kuma yanzu alhazai a jirgi suke zuwa, ba mai neman tabarmarmu. Lurwanu jikan Malam shi ne nazir, wato mai kula da wakafin. A nan aka haife shi, rabin Hausarsa Larabci ne, amma mutumin kirki ne. Ya je gaban alƙali ya samo izini. Bene za a yi mai hawa uku. A sama ɗakuna na tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, a ƙasa babban zaure na kowa da kowa, a yi karatu, a yi suna, a yi zaman makoki, a sha ruwa da azumi. Har da famfo. Da ya shimfiɗa takardar zanen a tsakar gida mutane suka yi ta sa albarka, ni ma na sa. Ban ga abin kushewa ba.

Sai dai na duba zanen sama da ƙasa ban ga ɗakin ajiya ba. Na tambaye shi, ya ce ba za a yi ba, zamanin ajiya ya wuce.

Kin san al'adar. In mutum zai wuce Madina, ko zai tafi Jidda neman aiki, sai ya ɗaure abin da ba zai iya ɗauka ba ya kawo mini, in rubuta sunansa a ƙyalle in ɗaura a jiki. Ba a tambayar abin da ke ciki. Ranar da Malam ya danƙa mini mabuɗi ya kafa mini ƙa'ida guda: ƙunshin mai rai, hannun mai shi kaɗai ke kwance shi. Sai an kawo shaidar mutuwa ake kiran magada. Yawancinsu sukan dawo. Waɗanda ba su dawo ba, nasu na nan jere a kan kanta, wasu sun girmi Lurwanu.

Na ɗanki ma yana ciki, ɗan farin nan namu ni da marigayiya Hure, wanda har yau bakina bai taɓa kama sunansa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya bi ayari zuwa Madina aikin ginin masallaci. Ya miƙo mini ƙunshin a bakin ƙofa kamar kowane baƙo, kansa a ƙasa, ya ce a ajiye masa. Ba wanda ya zo ya ce ya ga gawarsa, ba kuma wanda ya zo ya ce ya gan shi. Duk Juma'a ina kakkaɓe shi tare da sauran.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Wada ladan

*

Makka, Nakkasa
Rabi'ul Awwal 1384

Zuwa ga Yaya Baraka.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ni, na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

An kwashe mu zuwa Nakkasa kafin a gama gini. Kan dutse ne, ɗakunan kwano, da rana kamar tanda. Kullum ina sauka in yi salla biyar a zawiya don ba a fara rushewa ba, ɗakin ajiya ake jira. Alƙali ya yanke cewa a yi shela wata uku a masallatai, duk ƙunshin da ba a zo nema ba a kwance shi gaban shaidu, a bayar da abin ciki sadaka a madadin mai shi. An yi wata biyu, mutum uku suka zo.

Kin ce in ɗauke na ɗanki in ɓoye a ɗakina. Lurwanu ma haka ya ce, ya ja ni gefe ya ce ba wanda zai tambaya. Na ƙi. Sauran ƙunsunan ma suna da iyaye a wani wuri, a Katsina ko Damagaram, suna zaune suna kallon hanya. In kwance na 'ya'yansu da hannuna, in ce sun mutu, in ɓoye nawa in ce yana raye? Da wane ido zan kalli Malam gobe kiyama?

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba. Shekara shida da suka wuce, a ciwon da Hure ba ta tashi ba, sau uku tana roƙona in kwance ƙunshin nan. Ta ce akwai abinta a ciki. Na ɗauka zafin zazzaɓi ne, ko ƙamshin rigarsa take so ta ji. Na ce mata ba a kwance na mai rai, in na kwance kamar na yi masa salla ne tun bai mutu ba. A karo na uku ba ta yi musu ba, ta juya ta fuskanci bango. Da ta cika ba mu da yadi a gida, likkafanin sadaka aka kawo, kuma bai kai ba, kin san ta da tsawo. Maƙwabciyarmu Safara'u da ta yi mata wanka ita ta cire farin mayafinta ta ƙara aka rufe ƙafafun. Haka muka kai ta maƙabartar Mu'alla.

Ban san me ya sa nake rubuta miki wannan yau ba. Ba kuka nake ba, kada ki damu. Na daɗe ban ji komai ba, ko zafi ko sanyi, jikina kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ki gaida mai sunan Inna.

Ƙanenki,
Wada

*

Makka, Nakkasa
Jimada Ula 1384

Zuwa ga Yaya Baraka.

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke a nan.

An kwance. Ranar Talata ce da hantsi, a tsakar gidan zawiya ƙarƙashin magarya. Wakilin alƙali ya zauna a kujera, Lurwanu a gefensa, dattawan unguwa a tabarma, mata daga can baya. Ni nake fitowa da su ɗaya bayan ɗaya, in karanta suna, in kwance.

Yaya, ba dukiya mutanenmu suka bari ba. Ƙwarya da ludayi. Allo da rubutu a jiki, an tsaya a tsakiyar sura. Daddawa da ta zama dutse. Takalman fata ƙafa biyu sababbi, mai su ya tafi Madina ba takalmi don kada su lalace. Wata mata ta bar hular jariri guda ɗaya tak, ta naɗe ta cikin zane uku. Duk wanda aka kwance sai a yi masa fatiha, a ture gefe, a ce na gaba.

Na ɗanki na bari ƙarshe. Lurwanu ya miƙo hannu zai karɓe ni, na ce ya bari. Ƙullin ya ƙi, irin ɗaurin da na koya masa ne tun muna hanyar garin Fallomi a tahowarmu, sai da na sa haƙori.

Farin alawayyo ne, ninki biyu, kowane da igiyarsa. Ya yi tauri kamar an sa masa sitaci. Ban gane ba da farko. Safara'u ce ta taso daga cikin mata, ta shafa, ta kai hanci, sai ta zauna a ƙasa inda take. Yadin da aka wanke da zamzam ne aka shanya a Harami, irin wanda alhazai ke tafiya da shi gida don ranar ƙarshe. A jikin kowane ninki akwai 'yar takarda da rubutunsa na ajami. Ɗaya an rubuta na Inna. Ɗaya na Baba. Na Innar ya fi tsawo, ya auna ta da ido bai yi kuskure ba.

Daga baya na tuna. Shekarar da zai tafi, Hure ta tsaya a Harami tana kallon masu shanya, ta ce ita ma da za ta samu. Yana bayanta a tsaye. A hajjin shekarar ya yi aikin ɗiban ruwa a Arfa, ya dawo baƙi ƙirin, ba mu ga ya sayi ko hula ba. Wane ɗa ne zai kalli idon iyayensa ya miƙa musu likkafani? Kunya ta hana shi, sai ya ajiye a inda ya san mabuɗi yana wuyan ubansa. Ita ta gane. Daga gadon da ta cika zuwa ƙofar ɗakin ajiya taku goma sha biyu ne, na auna a ranar.

Wakilin alƙali ya ce wannan ba na sadaka ba ne, mai shi yana zaune. Aka yi wa ɗanki fatiha kamar sauran, na shafa tare da su. Da azahar ta yi na hau na kira salla kamar kullum. Washegari ma'aikata suka zo da diga, daga ɗakin ajiya suka fara don shi ne a bakin hanya. Na tsaya na kalla har suka gama, sannan na hau dutse na ci abincina.

Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Wada

*

Makka, Misfala
Zulhajji 1385

Zuwa ga yayata Baraka.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Na ga takardunki biyu, ki yafe mini shirun da na yi. Ba ciwo na yi ba, abin faɗa ne babu.

An gama gini, mun dawo. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tsofaffi ashirin da ɗaya ke kwana a inuwa yanzu, waɗanda da a bakin kasuwa suke shimfiɗa. Safara'u tana hawa na ɗaya, kullum sai ta buɗe famfo ta rufe tana dariya. Ni an ba ni ɗaki a ƙasa kusa da zaure saboda kiran salla. Inda ɗakin ajiya yake da, nan aka yi matakala.

Na kai wa Safara'u likkafanin Hure. Ta ƙi karɓa har sau biyu. Na ce mata mayafinta ne ya dawo, sai ta karɓa ta sa a akwati.

Lurwanu ya so a buɗe zauren da walima. Na roƙe shi ya ara mini shi kwana uku tukuna, ya ba ni. Zaman farko da aka yi a cikinsa na makokin ɗanki ne. Mutane sun zo sosai, har daga unguwar Jarwal. Suna yi mini gaisuwa ina amsawa. Wasu matasa suka tambayi wanda ya rasu, don ba su san shi ba, sai na ga kowa yana kallona. Na faɗa musu da bakina. Ban taɓa jin yadda sunan yake a harshena ba sai ranar, gajere ne ashe.

Ke ma ki tara mutanenmu a nan ku yi masa addu'a, ki daina tambayar alhazai in sun dawo.

Nawa likkafanin yana kan taga a ɗakina. Ban ɗaure shi ba, kuma na nuna wa kowa a gidan inda yake, har Lurwanu, har mai shara.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Wada, uban Mukhtaru