Kamfani Zai Dawo Da Tafkin Da Babanmu Ya Cike

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Magana ta shiga tsakanina da ƙanena, har gaisuwarmu ta koma ta fatar baki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a birni, amma a gona na tashi. A ƙasan gonarmu akwai wani tafki mai katon ɓaure a bakinsa. Nan na koyi iyo, nan na sha dukan farko saboda na jiƙa kayan makaranta. Da damina kwaɗi ba sa bari ka ji maganar na kusa da kai. Baba yakan ce su kaɗai ne maƙwabtan da ba su taɓa zuwa aron fartanya ba. Balbelu kan sauka kamar an shanya farin wanki, ƙudan zuma kuma sun yi gida a kogon ɓauren, Inna kullum tana hana mu jifa.

Da iyali suka yi yawa, Baba ya sare ɓauren, ya haƙa magudana, ya dinga turo ƙasa a baro yana cike tafkin, shi kaɗai, rani bayan rani. Ni ce mai kai masa abinci. Ranar da ɓauren ya faɗi na tarar da shi zaune kan kututturen, abincin ya huce a gabansa bai taɓa ba. Masarar da aka noma a wurin ce ta kai ni makarantar jinya, ban manta ba.

Yanzu Baba ya rasu, Autanmu ke noman gonar, ba a kuma raba ta ba. Kwanan baya wani kamfanin lemon kwalba, wanda rijiyoyinsa suka fara ja baya, ya turo malamar gona. Suna so a toshe magudanar, ruwa ya sake kwanciya, su kawo dashen itatuwa, su riƙa biya duk shekara muddin garma ba ta shiga wurin ba. Ta ce fadama tana shayar da ruwan ƙasa, ƙudan zuma kuma na taimakon furen amfanin gona. Da na ji, sai da na shiga ɗakin magani na share hawaye.

Auta ya ce atafau. Wai ba zai karɓi lada don ya rushe gumin mahaifinsa ba, kuma mai albashi ce kawai ke da sukunin kewar kwaɗi. Na tambayi Inna, ta ce rabonta da jin kukan kwaɗo har ta manta, sannan ta ƙara da cewa amma ciki ba ya ƙoshi da kukan kwaɗo. Dole sai mu biyu mun sa hannu. In matsa masa, ko in haƙura?

'Yar Bakin Tafki

Amsa:

'Yata, Allah ya jiƙan Baba. Ke kin san tafkin, ƙanenki kuwa cikon ya sani. Ya buɗe ido ya ga mahaifinsa yana tura baro, saboda haka duk wanda ya ce a toshe magudanar, a kunnensa cewa ya yi tsohon ya wahala a banza. Kada ki matsa masa. Maganar albashi ta yi zafi, amma akwai gaskiya a cikinta: in damina ta ƙi, tukunyarsa ce za ta fara sani.

Shi ma ya sani Baba bai cike tafkin don ƙiyayya ba, don ya ciyar da ku ne. In yau ruwan ne zai ciyar da jikokinsa, ba a saɓa masa ba. Ki ba shi labarin kututturen nan, tunda bai gani ba, amma kada ki mai da shi hujja. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ba a kiransa shaida.

Kamfanin kuma ba sadaka ya zo yi ba, ruwa yake nema, kuma ba laifi ba ne. Ku kai yarjejeniyar wurin lauyan da ku kuka zaɓa. Shekara nawa ce? Gonar na nan a hannunku? In suka daina biya, kuna iya komawa noma? Wa zai kula da dashen, wa zai yi maganin sauro? Ku nemi a fara da gefen da ruwa ya saba kwanciya, a gani tukuna. Tunda Auta ne zai rasa kunyoyinsa, ki bar masa rabonki na biyan, ki faɗa masa haka tun kafin ya tambaya.

Abu na ƙarshe, ki shirya zuciyarki. Ko an toshe magudanar gobe, ba tafkinku ne zai dawo ba. Baba ba zai tsaya a bakinsa ba, ɓauren da za a dasa kuma ba ke za ki hau shi ba, 'ya'yan Auta ne. In kin je masa, da maganarsu za ki fara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa Inna lafiya.