Irin da yayana ya rantsar da ni a kansa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Mai kula da zauren nan, ki ɓoye sunana. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koye shi a makarantar yaƙi da jahilci. Don Allah ku ba ni shawara, lokaci ya ƙure mini.

Ni ƴar wani ƙauye ce a wajen Tahoua, aure ya kawo ni Yamai, muna zaune Talladjé. Maigidana direba ne a wani buro, wato ofis, na Turawa a unguwar Plateau, tunda sojoji suka karɓi mulki aka rufe wurin, yana gida. Ni ce nake sayo zogale a kasuwar Petit Marché in yi kopto, wato kwaɗon zogale, in sayar a ƙofar gida, da shi muke lallaɓawa.

Bara ruwa ya ɗauke a garinmu hatsi bai gama ido ba. Bayan girbi yayana, wanda gonar mahaifinmu take hannunsa, ya zo da ƙaramin buhu na irin hatsi, an cuɗe shi da toka saboda ƙwari. A wurinmu haka ake yi in shekara ta ɓaci, a kai iri nesa wurin ɗan uwa don kada yunwa ta sa a daka shi. Kuma ba irin kasuwa ba ne, wanda mahaifinmu ya bari ne, mai saurin nuna, shi kaɗai yake yi a jigawarmu. Yaya ya sa na yi alwala, ya sa na rantse ba zan ba kowa ba sai ruwan shuka ya sauka. Ya ce ko shi ne ya zo yana kuka yana birgima in hana shi, don wanda zai zo ranar ba shi ba ne, yunwa ce. Har dariya na yi masa a lokacin. Na tura buhun ƙarƙashin gado.

To ga shi ya zo. Na ga yayana na kasa gane shi, wuya ya zama kamar kara. Ya ce rumbu ya daɗe da ƙarewa, ƴaƴan anza na daji suke jiƙawa suna ci, autarsa ƙafafunta sun fara kumbura. Ya ce in ba shi buhun. Na tuna masa rantsuwar, ya ce ya sani, ai shi ya ɗora mini, yanzu ya sauke. Na ce Yaya ai ka ce ko ka sauke kada in yarda. Sai ya yi wata irin dariya ya ce, "Ashe kema kin zama soja, ƙanwata, kin tsare rumbu ba bindiga." Na juye masa ɗan masarar da ta rage mana, ya duba ya ce wannan ba za ta kai su Juma'a ba. Gaskiya ya faɗa. Tun ranar yana zaune bisa tabarma a tsakar gida, in na kai tuwo ya tura wa yarana. Ya san inda buhun yake, ɗakina ba makulli, amma ya ce hannunsa ba zai taɓa ba, ni zan miƙo.

Maigidana ya ce in ba shi in yi kaffara, rai ya fi alkawari. Na je wurin malamin unguwarmu, ya ce wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya warware ya yi kaffara. Na ce Malam, to wanne ne ya fi alherin? In suka cinye, ruwa ya sauka ba abin sa wa a rami, gidan gaba ɗaya zai tashi, baɗi ba yarinya ɗaya ba ce za ta kumbura. In na riƙe, ƙila yarinyar ba za ta ga damina ba. Malam ya ce wannan kuma zuciyata zan tambaya.

Ɗan farina yana jami'a, falsafa yake karantawa. Ya tarar da ni ina tsinke zogale ina hawaye, ya zauna ya ce, "Inna, kin wahalar da kanki a banza. Ba wani abu wai shi daidai ko laifi da yake ajiye a wani wuri, mutane ne suka shirya don su zauna lafiya." Ya ce in duba garin nan, abin da ake kama mutum a kansa jiya shi ake tafa wa yau, mai ƙarfi ne yake sa suna. Ya ce in yi wanda zai fi mini sauƙi kawai. Ban yi masa faɗa ba, yaro ne mai tausayi, sauƙi yake nema mini. Na dai tambaye shi, in babu laifi, mene ne wannan da ya danne mini ƙirji, kuma me ya hana kawunsa shiga ɗaki ya ɗauki kayansa? Ya ce sabo ne. Ƙila sabo ne, ni ban yi karatunsa ba. Amma ko sabo ne bai sake ni ba.

Abin da na kasa ganewa shi ne, laifi a wurin karya magana yake, ko a wurin abin da zai biyo baya? Kuma wa zan yi wa biyayya, yayana mai ƙoshi da ya hango wannan rana, ko yayana mai yunwa da yake cikinta? Na yi tunanin raba buhun biyu, amma rabi ba zai shuke gonar ba, ba zai kuma kai su kaka ba, na ɓata duka biyun ke nan.

Gobe da safe zai hau mota, ya ce ba zai ƙara roƙona ba. Ƴan uwa, musamman waɗanda suka san gona da waɗanda suka haifa, ku faɗa mini: in ya tashi daga tabarmar nan ya sa takalmi, in shiga ɗaki in jawo buhun, ko in raka shi ƙofa hannuna wofi?